Yadda ake tantance ɗalibin da karatu ya yi wa nauyi

A makarantun Zariya, na gwamnati da na kuɗi, da wuya a sami ajin da babu yaro ɗaya ko biyu da aka riga aka yanke wa hukunci tun kafin a bincika lamarinsu. Wani a ce daƙiƙi ne, wani a ce taurin kai gare shi, wani kuma a jingina matsalarsa ga iska ko sammu. Masana halayyar ɗan'adam suna da hanyar da suke bi kafin su furta komai a kan irin wannan yaro, kuma ita zan bi a nan daki-daki, domin amfanin malamin da aka ɗora wa aikin ba da shawara a makaranta, da ɗalibin da ke karatun wannan fanni, da iyayen da aka ce su kawo ɗansu a gwada shi.

Gwaji ɗaya ne kawai daga cikin kayan aikin tantancewa. Shi gwaji jerin tambayoyi ne ko ayyuka da aka tsara a ba kowa ta hanya ɗaya, a kuma ba da maki bisa ƙa'ida ɗaya. Tantancewa kuwa ta haɗa da hira da iyaye da malamai, da bin tarihin lafiya, da kallon yaro a aji da wajen wasa, da duba littattafan aikinsa, sannan sakamakon gwajin ya shigo a matsayin shaida guda a cikin shaidu da dama. Da wannan niyya aka fara aikin tun asali. A 1905 Alfred Binet da Théodore Simon suka fitar da gwajin basira na farko da ya yi amfani a aikace a Faransa, kuma abin da suke nema shi ne gano yaran da ke buƙatar taimako na musamman a makaranta. Binet bai ɗauki makin yaro a matsayin wani abu da aka haife shi da shi wanda ba ya canzawa ba.

Kafin a taɓa kowace takarda, a rubuta tambayar da ake son amsawa a jimla ɗaya ko biyu. "Malam, a duba mana shi" bai isa a fara aiki da shi ba. Tambayar da za ta yi jagora ita ce irin wannan: yaro ɗan shekara 9 a aji uku ya kasa haɗa baƙi da wasali ya karanta kalma, alhali yana yin lissafin baki daidai da tsaransa, mene ne ke hana shi karatu, kuma wane taimako ya dace da shi? Wannan tambaya ce za ta nuna gwajin da za a ɗauko da wanda za a bari a kabad, kuma ita rahoto zai koma ya amsa.

Daga nan sai neman izinin mahaifi ko mai riƙon yaron, bayan an yi masa bayani da harshen da yake ji. Iyaye da yawa suna zuwa da fargabar cewa korar ɗansu za a yi, don haka ya kamata a kawar da wannan tsoron tun a zaman farko. Ana iya cewa: "Alhaji, abin da za mu yi ba jarrabawar ci ko faɗuwa ba ce, kuma ba za a cire shi daga makaranta saboda shi ba. Za mu zauna da shi sau biyu ko uku, mu yi hira da ku da mahaifiyarsa da malamar ajinsa, abin da muka samu kuma ku za mu fara gaya wa. Duk lokacin da kuka ga a dakata, sai a dakata." A bayyana masa waɗanda za su ga rahoton, a kuma faɗa masa cewa sirri yana da iyaka ɗaya, wato idan aka ga rayuwar yaron ko ta wani tana cikin haɗari. Shi ma yaron a gaya masa abin da za a yi, a nemi yardarsa.

Hira da iyaye ita ce wurin da na fi so a daɗe, domin sau da yawa amsar tana nan tun kafin a buɗe wani gwaji. Mahaifiya ce ta fi riƙe tarihin, kuma a gidajen da namiji baƙo ba ya shiga, kamar yadda yake a gidaje da yawa na cikin birni, sai a wakilta malama mace ta je, ko a gayyaci mahaifiyar tare da maigidanta. A tambaye ta yadda goyon ciki da haihuwa suka kasance, ko jaririn ya yi kuka nan take, ko ya yi shawara mai tsanani a kwanakin farko, da lokacin da ya zauna, ya yi tafiya, ya fara magana idan aka kwatanta da 'yan'uwansa. A tambayi ko ya taɓa yin sanƙarau, ko ƙyanda, ko zazzaɓin da ya kai shi ga jijjiga da suma, ko tamowa, ko ya taɓa buguwa a kai. Sanƙarau yana iya barin yaro da raunin ji. Sikila tana iya taɓa jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa ba tare da an ga wata alama a fili ba, sai dai a ga karatu ya ja baya. Akwai kuma nau'in farfaɗiya da ba ta kayar da yaro, sai dai ya ƙura ido na 'yan daƙiƙoƙi bai san abin da ake ciki ba, malami kuma ya ɗauka rashin mayar da hankali ne.

Bayan lafiya sai rayuwar yau da kullum: kwana nawa yake fashin makaranta a wata, ko yana talla ko zaman shago, makaranta nawa ya canza, da wa yake zaune, ƙarfe nawa yake kwanciya, ko yana karyawa kafin ya fito. Akwai tambaya ɗaya da bai kamata a tsallake ta a Zariya ba, wato yadda yake a makarantar allo ko Islamiyya. Yaron da ya haddace izu biyu ko uku, yake kuma biya karatunsa ba gargada, ya riga ya ba da shaida mai ƙarfi a kan ƙarfin riƙewarsa da iya zamansa wuri ɗaya. Idan irin wannan yaro ya kasa a makarantar boko, sai a fara zargin harshen koyarwa, ko yadda aka koya masa baƙaƙen boko, ko cunkoson aji, kafin a kai ga zargin basirarsa. Idan kuwa a can ma yana fama, lamarin ya fi faɗi kuma yana buƙatar bincike mai zurfi.

A tabbatar an duba idonsa da kunnensa kafin kowane gwaji, musamman idan kunnen ya taɓa fitar da ruwa ko kuma yana matsowa kusa da allo. Ana yin wannan a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, akwai kuma cibiyar kula da ido ta ƙasa da ta kula da kunne, dukkansu a Kaduna. Sannan a je ajinsa a zauna a baya kamar rabin awa, a darussa biyu daban-daban, a rubuta abin da ido ya gani da adadi. "Ya tashi daga benci sau biyar cikin minti 30, sau huɗu daga ciki lokacin da aka ce a kwafi rubutu" ya fi "ba ya natsuwa" amfani nesa ba kusa ba.

Sai a zo ga zaɓen gwaji, kuma abu uku ake tambaya game da kowane gwaji. Na farko, shin yana tsayawa a kan sakamako ɗaya? Idan aka gwada yaro yau aka sake bayan mako biyu, ko mutum biyu suka ba da maki a kan amsa ɗaya, ya kamata sakamakon ya yi kusa da juna. Ana bayyana wannan da lamba tsakanin 0 da 1, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin lissafa ta ita ce wadda Lee Cronbach ya fitar a 1951, wadda ke duba yadda tambayoyin gwajin suke tafiya tare. A aikin bincike akan karɓi 0.70, amma idan hukunci za a yanke a kan mutum ɗaya, ana son lambar ta kai 0.90 ko ta wuce.

Na biyu, shin abin da aka ce yana aunawa shi yake aunawa? Mudun da aka buga wa gindi ya lotsa ciki zai auna masara daidai wa daida sau goma, amma duk goman babu wanda ya cika mudu. Haka gwajin basira da aka ba yaron Gyallesu da Turanci zai iya ba da maki iri ɗaya kowane lokaci, alhali yawancin abin da ya auna iya Turancin yaron ne. Ana gane ingancin gwaji ta duba ko tambayoyinsa sun game abin da ake nufi, da ko sakamakonsa yana tafiya da wasu shaidu kamar ƙoƙarin yaro a aji, da ko an taɓa jarraba shi a kan mutane irin wanda ke gabanka.

Na uku shi ne wanda aka fi sakaci da shi a nan: da su wa ake kwatanta yaron? Cin tambaya 22 cikin 36 ba ya nufin komai sai an san abin da tsaransa suke ci. Masu tsara gwaji sukan ba ɗaruruwa ko dubban yara, su fitar da jadawalin da ke mayar da ɗanyen maki zuwa matsayi. A gwaje-gwajen David Wechsler, wanda na yara daga cikinsu ya fara fitowa a Amurka a 1949, an sanya matsakaicin maki a 100, tazarar da aka saba gani kuma 15. Ma'anar haka ita ce kusan kashi 68 cikin 100 na rukunin da aka gina jadawalin da su suna tsakanin 85 da 115, kusan kashi 95 kuma tsakanin 70 da 130. Wanda ya sami 85 ya wuce kusan yara 16 cikin 100 na wancan rukuni. To, idan rukunin yaran Amurka ne ko na Ingila, waɗanda suka tashi da littattafan hoto da wasannin haɗa siffofi tun suna rarrafe, makin da yaron Tudun Jukun zai samu yana faɗin matsayinsa ne a tsakanin waɗancan yara, ba a tsakanin 'yan ajinsu ba. Shekarun jadawalin ma suna da tasiri, domin James Flynn ya nuna cewa a ƙasashe da dama makin basira ya riƙa hawa da kusan maki 3 a kowace shekara goma cikin ƙarni na 20, saboda haka tsohon jadawali yana ƙara wa yaro makin da sabo ba zai ba shi ba.

Wasu sukan kauce wa matsalar harshe ta amfani da gwajin siffofi na John Raven, wanda ya fara fitowa a 1938, nau'insa mai launi na ƙananan yara kuma yana da tambaya 36. A kowane shafi akwai zane da aka cire wa wani yanki, yaro ya nuna wanda ya dace cikin zaɓi shida. Zaɓi ne mai kyau, amma kada a ɗauka ya tsira daga tasirin makaranta da al'ada, domin sabawa da zane a kan takarda shi ma abu ne da ake koya.

Idan sai an fassara gwaji, a fara neman izinin masu shi. Mutum biyu su mayar da shi Hausa kowa shi kaɗai, a daidaita fassarorin, mutum na uku da bai ga asalin ba ya mayar da shi harshen farko, a kwatanta. Daga nan a gwada shi a kan wasu yara kaɗan, ana tambayar kowannensu ya faɗi abin da ya fahimta da bakinsa. Tambayar da ta dogara da dusar ƙanƙara ko kuɗin wata ƙasa za ta buƙaci musanyawa, kuma da zarar an yi haka jadawalin asali ya daina zama abin dogaro sosai. Fassara a tsaye, wadda mai gwaji ke yi da ka yana cikin aiki, tana ɓata gwajin gaba ɗaya, tun da kowane yaro zai ji tambayar da ta bambanta da ta ɗan'uwansa.

Ranar gwaji a zaɓi safiya, a ɗaki mai haske da iska wanda ba a leƙe ta taga, bayan yaron ya ci abinci. Kada a yi shi yana zazzaɓi, ko jim kaɗan bayan an yi masa bulala, ko a lokacin da 'yan ajinsu suke hutun tara a waje yana jin hayaniyarsu. A ɗauki minti biyar ana hira kan ƙwallo ko akuyar gidansu har jikinsa ya saki. Sannan a karanta umarni kamar yadda aka rubuta shi, a kiyaye lokaci da agogo, a yaba ƙoƙari ba tare da nuna ko amsa daidai ce ba: "Yauwa, yarona, kana ƙoƙari, mu je na gaba." Yaranmu an tarbiyyantar da su kan kada su haɗa ido da babba kuma kada su yi saurin magana a gabansa, don haka shiru da sunkuyar da kai ba alamar rashin sani ba ne. A lura da yadda yake amsawa. Wani yaro zai ɗora yatsa a kan zaɓi, ya ɗago ya saci kallon fuskar malami, idan bai ga murmushi ba ya janye yatsan zuwa na kusa. Wani kuma daga tsakiyar gwajin zai koma nuna zaɓin da ke kusurwa ɗaya a kowane shafi, cikin daƙiƙa biyu, domin ya gaji yana so a sallame shi. Duk wannan a rubuta shi a gefen takarda, domin makin da ya fito daga irin wannan zama bai nuna iyakar abin da yaron zai iya ba.

Wajen fassara sakamako, a tuna cewa kowane maki yana da kuskuren awo a tattare da shi, kuma ana iya lissafa girmansa. A ɗauka lambar tsayuwar gwaji 0.91 ce, tazararsa kuma 15. A cire 0.91 daga 1 a sami 0.09, lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da 0.09 ita ce 0.3, a ninka 15 da 0.3 a sami 4.5. Domin a sami tabbaci na kashi 95 cikin 100, akan ɗauki kusan ninki biyu na wannan, wato maki 9 sama da ƙasa. Yaron da ya sami 74 ke nan matsayinsa na gaskiya yana wani wuri tsakanin 65 da 83. Wannan tazara ta ratsa ta kan 70, lambar da ake yawan ambata wajen maganar naƙasar fahimta, shi ya sa babu ƙwararren da zai yanke wannan hukunci da maki kaɗai. Dole a ga rauni a harkokin yau da kullum, kamar sanya tufafi, da zuwa aike ya dawo da canji daidai, da kiyaye kansa a hanya, kuma ya kasance abin ya faro tun yarinta.

Idan tambayar ta shafi hali da yanayin zuciya, akwai takardar tambayoyi ta SDQ da Robert Goodman ya fitar a 1997, mai tambaya 25 a rukuni biyar: damuwa, rashin ji, rashin natsuwa, matsala da tsara, da kyautata wa mutane. Iyaye suna cike tasu, malami ya cike tasa, yaron da ya kai shekara 11 ya cike tasa, kuma saɓanin da ke tsakanin amsoshin shi ma bayani ne, domin yaron da yake lafiya lau a gida amma yake fitina a aji yana nuna inda za a duba. Ga manyan ɗalibai akwai PHQ-9, takardar da ke auna alamomin ciwon baƙin ciki, mai tambaya 9 kan makonni biyu da suka wuce, makinta daga 0 zuwa 27, kuma daga 10 zuwa sama akan nemi ƙarin bincike. Tambayarta ta tara kan tunanin mutuwa ne ko cutar da kai, kuma duk wanda ya amsa ta da wani abu sama da sifili, a zauna da shi a ranar, a sanar da wanda ya dace, komai ƙanƙantar jimillar makinsa. Waɗannan takardu na tacewa ne, suna nuna wanda ya kamata a duba da kyau. A ɗauka cikin ɗalibai 1000 akwai 100 masu matsala, takardar kuma tana gano kashi 80 cikin 100 na masu matsalar, tana kuma wanke kashi 80 cikin 100 na masu lafiya. Za ta kama 80 na gaskiya, ta haɗa da 180 da lafiyarsu ƙalau, wato fiye da kashi biyu bisa uku na waɗanda ta nuna ba su da abin da ake nema.

Malamin ba da shawara yana iya yin hira, da kallon aji, da gwajin karatu da lissafi, da takardun tacewa. Gwaji irin na Wechsler da sanya wa matsala sunan cuta aikin wanda ya sami horo ne na musamman, kuma a nan sai a tura yaron sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin Shika, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, tare da takardar da ta ƙunshi duk abin da aka riga aka tattara.

Rahoto ya fara da tambayar da aka rubuta tun farko, ya faɗi hanyoyin da aka bi, da harshen da aka yi gwajin da shi, da ƙasar da jadawalin ya fito. A rubuta maki a matsayin tazara, a ambaci abin da yaron ya iya kafin abin da ya kasa, a kuma ba da shawarar da malamar da ke da yara saba'in a aji za ta iya aiwatarwa: a dawo da shi bencin gaba, a ba shi minti 15 kullum na haɗa baƙi da wasali da Hausa, a rage masa yawan kwafe daga allo. A gaya wa iyaye sakamakon baki da baki kafin a miƙa takarda, ba a gaban sauran malamai ba, a kuma adana takardun gwajin a wurin da ake kullewa. Bayan wata shida a sake gwada karatunsa da ma'aunin da aka yi amfani da shi da farko domin a ga ko taimakon ya yi aiki, amma gwajin basira kada a maimaita shi kafin shekara ta zagayo, domin yaro yana tuna tambayoyin kuma makinsa zai hau saboda sabo kawai.